Gyaran Sit da Jakunkunan Fata na Tsofaffin Babura: Tambayoyi da Amsoshi

Gidanmu gidan dukanci ne. Kakana kayan doki yake ɗinkawa, mahaifina ya ɗora da takalma da kube da gafaka, ni kuma na taso lokacin da babura suka cika ƙauyukanmu na ƙasar Ringim, sai aikin sit da jakar gefe ya riƙa zuwa rumfarmu. A 'yan shekarun nan samari sun fara fito da baburan iyayensu daga zaure da bayan rumbu suna tayar da su. Bakanike ya gama da inji, mai fenti ya gama nasa, sannan a tuna da wurin zama. Tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, sit ɗin babur ɗin nan fata ce ko leda?

Da wannan ake farawa, domin maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Mafi yawan baburan da suka shigo ƙasar nan daga Japan, irin su Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, da Benly, da ƙananan Yamaha da Suzuki, da leda suka fito daga kamfani. Haka ma yawancin Vespa ta Italiya. Leda roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, aka buga mata zane mai kama da na fata. Fata ta gaske an fi samunta a jakunkunan gefe, da sirdi mai sifirin a ƙasa irin na keken da, da kuma sit ɗin da wani baduku ya taɓa sake wa riga.

Ɗaga sit ɗin ka duba bakin da aka naɗe ta ƙasa. Idan bayan abin yadi ne ko saƙa mai laushi, leda ce. Idan ka ga gashi-gashi kamar bayan fatar takalmi, fata ce. In har yanzu kana shakka, ɗora allura a wuta ka taɓa wurin da ido ba ya gani. Leda narkewa take yi ta manne wa allurar, da warin roba. Fata ba ta narkewa, baƙi take yi, ka ji ƙauri irin na babbakar kai da ƙafa.

Idan da leda ya fito, in mayar da shi fata ko in bar shi yadda yake?

Ya danganta da abin da kake so da babur ɗin. Wanda yake son ya koma kamar ranar da mahaifinsa ya sayo shi, to leda mai kyau zai nema, a bi layin ɗinkin asali. Masu sayen tsofaffin babura sun fi daraja wanda ba a sauya masa kama ba. Wanda kuma hawa zai riƙa yi, daga gida zuwa gona zuwa kasuwa, ina ba shi shawarar fata idan yana da inuwar da zai ajiye babur. Fata tana shan gumi, ba ta ƙona cinya kamar baƙar leda a watan Afrilu, kuma tana ɗaukar siffar mai zama a kanta. Amma tana son kulawa kamar dabbar da aka cire ta daga jikinta. Mai barin babur a tsakar gida rana da ruwa, leda ta fi masa.

Yaya zan gane fatar da za ta gyaru da wadda ta riga ta mutu?

Lanƙwasa ɗan gefenta a hankali. Idan ta yi tauri amma ba ta karye ba, tana da rai, ƙishi ne kawai ke damunta. Idan saman ya yi 'yan tsage-tsage amma ba su ratsa zuwa baya ba, ita ma za ta yi, sai dai tabon ba zai ɓace ba. Ni ban ɗauki wannan tabo aibi ba, shekarun babur ne suka nuna.

Wadda ta mutu kuwa alamarta ba ta ɓuya. Ka goga yatsa sai ka ga jan gari kamar garin bulo ya biyo hannunka, ko ta ɓalle kamar busasshen ganye. Wannan zaren cikinta ne ya ruɓe, kuma an fi ganinsa a tsohuwar fatar da aka jeme da itace. Ko kwalba guda ta mai ka juye mata ba za ta dawo ba. Haka wadda ruwan batir ya zuba a kai, ko wadda salansa ta gasa har ta ƙanƙance. Irin wannan sai a yanke wurin a sa sabo, ko a sake duka.

Da me zan wanke ta?

Fara da busasshen burushi mai laushi, ka fitar da ƙurar da ta maƙale a layin ɗinki. Ƙurar nan yashi ce, ita ke cin zare a hankali duk lokacin da aka zauna. Bayan haka ka jiƙa tsumma da ruwan randa, ka matse shi sosai, ka ɗan goga sabulu mai sauƙi irin na wankan jarirai, ka bi fatar kaɗan-kaɗan. Ka sake bi da wani tsumman mai ruwa zalla, ka bar ta ta sha iska a inuwa yini guda.

Kada garin sabulun wanki ya taɓa ta, kada kanwa, kada ruwan toka. Ko sabulun salo, duk da na gida ne, yana da kaifi a kan fata. Dalili kuwa, jemammiyar fata tana da ɗan tsami a jikinta, waɗannan kuma kishiyar tsami ne, suna warware jimar. Ka tuna da toka majema suke tuge gashi daga ɗanyar fata. Fetur da kananzir su ma suna tsotse man cikinta su bar ta fayau. Ruwan zafi ya fi duka ɓarna: fatar da aka jeme da bagaruwa idan ta ji ruwan da ya kusa tafasa ƙanƙancewa take yi ta zama kamar ƙaho, kuma ba ta komawa.

Wane mai ya kamata in shafa? An ce baƙin mai yana sa ta sheƙi.

Wannan magana ta kashe jakunkuna da yawa a ƙasar nan, kuma tana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ta. An taɓa kawo mini jaka biyu na wani dattijo da ya rasu, ɗansa yana so ya mayar da su kan babur ɗin. Aikin hannu ne mai kyau, fatar shanu mai kauri, da zanen da aka buga da ƙarfe a murfin. Kafin su iso wurina wani ya ba yaron shawara ya shafe su da man da aka juye daga inji. Sun yi baƙi, sun yi laushi kamar tsumma, duk farar rigar da ta gifta sai ta ɗauki tabo, zaren ɗinkin yana fita da an ja. Na yi kwanaki ina barbaɗa garin alli yana tsotsewa, amma murfi ɗaya kawai na iya ceta. Baƙin mai yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da dattin ƙonuwa, kuma idan ya shiga fata ba ya fita.

Abin da nake amfani da shi a gabanmu yake: man kaɗanya da kakin zuma. Kashi uku na man kaɗanya, kashi ɗaya na kaki. A zuba a gwangwani, a tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har su narke su haɗu, a bari ya daskare. Kada a ɗora gwangwanin kai tsaye a kan wuta. Ka laƙato kamar ƙwayar gyaɗa da yatsa, ka murza a tafin hannu, ka shafa a zagaye. Ɗumin hannu shi ke tura man ciki. Ka bar ta ta kwana, da safe ka goge da busasshen tsumma. Idan ta shanye tas har tana neman ƙari, ka ƙara sau ɗaya. Fatar da ta yi shekara ashirin ba ta ga mai ba, gara a ba ta kaɗan-kaɗan cikin mako guda, kamar yadda ake shayar da dokin da ya sha tafiya.

Turawa suna da wani mai da suke tatsa daga ƙashin ƙafar shanu, shi ma yana da kyau idan ka samu na gaske. Man gyaɗa da man shanu suna tausasa fata, amma idan aka yawaita suna yin wari, kuma suna gayyato ɓera da kiyashi. Man takalmi na gwangwani launi da ƙyalli kawai yake bayarwa, ba ya ciyar da fata, kuma a kan sit zai ƙare ne a bayan wandonka.

Abu biyu zan ƙara. Kowane mai yana duhunta fata, saboda haka gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Sannan a saman sit, inda ake zama, ka rage kaki ka goge sosai. Sit mai santsi haɗari ne idan ka taka birki a kan yashi.

Sau nawa a shekara?

Sau uku ya wadatar a yanayinmu. Na farko da shigowar hunturu, wajen Nuwamba, kafin busasshiyar iska ta fara tsaga leɓe da dunduniya, domin abin da take yi wa ƙafarka shi take yi wa jakarka. Na biyu da ƙarshen hunturu kafin zafin bazara. Na uku kafin ruwa ya sauka, a nan ne ake ƙara kaki a jakunkuna don ruwa ya riƙa zamewa. A tsakiyar damina kada ka shafa mai da yawa, fumfuna yake kirawa.

Ruwa ya dake ta, ga fumfuna ta fito. Me zan yi?

Kada ka shanya a rana, kada ka kai kusa da murhu. Fitar da kayan ciki, ka cusa tsofaffin takardu ko busasshen tsumma don jakar ta riƙe siffarta, ka rataye inda iska ke wucewa. Idan ta bushe ka kakkaɓe fumfunar a waje, ba cikin ɗaki ba. Sai ka haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka goge ciki da waje, ka sake bari ta bushe, sannan ka shafa mai kaɗan. A watan Agusta ka riƙa buɗe murfin jaka idan ka shigo gida.

Idan za a sake, wace fata zan saya?

A nan ne mutane suka fi yin asara, domin suna zaɓa da ido. Jima iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta gargajiya, wadda majema suke yi da 'ya'yan bagaruwa bayan sun tuge gashin. Tana ɗaukar kwanaki, ta fatar sa mai kauri har makonni. Launinta ƙasa-ƙasa ne, tana da ƙamshin da kowane ɗan baduku ya sani, tana da jiki, tana karɓar zane, kuma idan aka jiƙa ta aka ba ta siffa ta bushe, to ta zauna ke nan. Akwai kuma ta masana'anta, irin wadda ake yi a Challawa da Sharaɗa a Kano, da sinadarin kurom. Wannan tana gamuwa da sauri, tana da laushi, ta fi jure ruwa da zafi. Idan ka yanki bakinta sau da yawa za ka ga tsakiyar ya yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka.

Jakar gefe da sirdi mai sifirin, fatar sa ta bagaruwa suke so, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wadda tsofaffinmu ke kira ƙilabo. Rigar sit mai soso a ciki kuwa tana buƙatar mai laushi da za ta bi lanƙwasa ba tare da tattarewa ba, wajen milimita 1 zuwa ɗaya da rabi, kuma a nan ta masana'anta ta fi dacewa. Ina faɗin haka duk da cewa ni ɗan gidan bagaruwa ne.

Fatar jan akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin da ayari ke ratsa Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Tana da ƙarfi idan aka dubi rashin kaurinta, amma ƙarama ce kuma siririya. Ka sa ta a ado, a bakin murfi, a shafin ciki. Kada ka sa ta ɗaukar nauyi.

Idan ka je saye, a kasuwar Kurmi ko ta Ƙofar Wambai a Kano, ɗaga fatar ka duba ta a haske. Nemi yankan wuƙa na wajen fiɗa ta baya, da tabon lalas, da ramukan kaska. Ɓangaren gadon baya ya fi ƙarfi, na ciki yana miƙewa, don haka maɗauri da duk abin da zai ɗauki nauyi daga gadon baya ake yanko shi. Fatar sa mai kyau ta yi tsada, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu ganda suna rige majema saye tun daga mahauta. Shanu na cika kasuwar Wudil ran Juma'a da ta Maigatari ran Alhamis, amma ba kowace fata ce ke isa ramin jima ba.

Zan iya amfani da fatar layyata?

Idan sa ne, ƙwarai kuwa, muddin an yi fiɗa da kula kuma an zuba mata gishiri sosai a ranar, ba a bar ta ta kwana a naɗe ba. Kai wa majemi, ka gaya masa aikin da za ka yi da ita. Fatar rago ba ta da ƙarfin sit ko jaka, saman ta yana saɓulewa. Amma ka sa a yi maka buzu da ita ka ɗaura a kan sit. Yana tare rana, yana rage zafi, dattawan da ke zuwa kasuwa a kan babur sun daɗe da sanin wannan.

Ana cewa wasu fatun waje na alade ne. Yaya ake ganewa?

Ramukan gashinta manya ne, kuma suna zuwa uku-uku a jere kamar duwatsun murhu, har ana ganinsu ta baya. An fi samunta a shafin cikin jaka ko takalmi na gwanjo. Hukuncin amfani da ita wajen malamai za ka tambaya, ni dai ba na aiki da ita.

Tsohuwar rigar sit ta yage. In yar da ita kafin in kawo?

Don Allah kada ka yar. Ko ta zama tsumma, ita ce ma'aunin sabuwar. Muna farke ɗinkin a hankali, mu shimfiɗa kowane yanki a kan kwali, mu zana, mu sa alama inda yanki ya haɗu da ɗan'uwansa. Wanda ya kawo ƙarfe tsirara ya sa mu aikin kintace, kuma sit ɗin ba zai taɓa zama kamar na asali ba. Ka ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe kafin a taɓa shi.

Yawancin aikin ma ba a rigar yake ba, a ƙarƙashinta yake. Tsofaffin babura gindin sit ɗinsu farantin ƙarfe ne, da 'yan haƙora a gefe waɗanda ake soka rigar a lanƙwasa. Ruwan da ya shiga ta yagar yana zama cikin soso ya ci ƙarfen. Dole a kankare tsatsa da burushin waya da samfefa, inda ya huje a kai wa mai walda, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bari ya bushe sosai. Haƙoran a ɗaga su a hankali, domin ƙarfen da ya tsufa ba ya jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku. Bakin farantin kuma a lulluɓe shi da tsinken tsohon tub, in ba haka ba kaifinsa zai yanke sabuwar riga cikin 'yan watanni.

Soso idan ka matsa ya dawo, a bar shi, a cike inda ya lotsa. Idan yana zuba kamar garin rogo, a sake. Kada a sa soson katifa mai laushi, kafin ka kai Gujungu daga Ringim kana zaune a kan ƙarfe. A nemi mai tauri, irin wanda aka matse gutsattsari wuri guda, a sa a ƙasa, a ɗora siririn mai laushi a sama. Sannan a lulluɓe soson da siririyar leda kafin a ja riga, don ruwan da zai bi ramin allura kada ya sake isa ƙarfe. Wajen ja, gaba da baya ake fara kamawa, sai tsakiya, sai a bi gefe biyu tare, dama ɗaya hagu ɗaya. Mai gama gefe guda kafin ya koma ɗayan, ɗinkinsa zai karkace.

'Yar tsaga ce kawai. Ba zan ɗiga mata gam mai kamawa nan take ba?

A'a. Wannan gam idan ya bushe kamar gilashi yake, fatar za ta sake karyewa a gefensa, kuma allura ba ta shiga wurin. Yanko siririyar fatar akuya da ta ɗan fi tsagar faɗi, ka fiƙe bakinta da wuƙa, ka zura ta ƙarƙashi. Shafa gam irin na masu gyaran takalmi a fuska biyu, ka jira ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa ka danne. In wurin yana ɗaukar nauyi, a bi da ɗinki.

Ɗinkin hannu ko na keke?

Rigar sit keke mai ƙarfi yana yi, kuma layinsa ya fi miƙewa. Jaka da maɗauri kuwa hannu, da allura biyu a zare ɗaya, kowace tana ratsa rami guda daga ɓangarenta. Ɗinkin keke idan zare ɗaya ya tsinke sai layin ya fara warwarewa. Na allura biyu ko ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Haka ake ɗinka kayan doki, kuma girgizar hanyar burji ba ta fi sukuwar doki sauƙi ba. A yi amfani da zaren nailan mai kauri a murza shi da kaki. Idan tsohuwar jaka ce, a bi tsofaffin ramuka. Huda sababbi a tsakaninsu yana mayar da wurin kamar takardar rasit mai layin yagewa.

Jakar ta lotsa, ta rasa siffarta. Za ta miƙe?

Idan ta bagaruwa ce, za ta miƙe. Shafa mata ruwan sanyi da soso ciki da waje har ta yi laushi, ba har ta riƙa ɗiga ba. Cusa mata buhu mai ƙaiƙayi ko katako da aka yanka daidai cikinta, ka gyara kusurwoyi da hannu, ka bar ta a inuwa kwana biyu ko uku. Bayan ta bushe ka shafa mai kaɗan, domin mai da yawa shi ke sa jaka ta sake zubewa. A bangon da ke fuskantar taya a sa falle na roba mai tauri ko siririn katako daga ciki. Kwali ba ya yi, damina ɗaya zai narke.

Ka duba ƙarafunan jikinta kuma. Baƙin ƙarfe idan ya haɗu da fatar bagaruwa da danshi yana yin baƙin tabo, daga baya wurin ya ruɓe. Ribit da kan bel na tagulla ko jan ƙarfe sun fi, ko da sun fi tsada.

Yaya zan rataya ta kada ta ƙone ko ta shiga taya?

Kamar mangalar jaki take, dole nauyi ya daidaita gefe biyu. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin gindin jaka da salansa, kuma ka auna lokacin da jakar take cike da kaya, mutum yana zaune a kai, ba lokacin da babur ke tsaye fanko ba. Sa mai walda ya yi maka ɗan firam na rodi a kowane gefe, wanda zai tare jakar daga wayar taya da sarƙa. Wannan ba maganar kyau ba ce. Maɗauri ɗaya da ya saki ya shiga wayar taya yana iya kayar da mutum, don haka duk wutsiyar maɗauri da ta yi tsawo a yanke ta ko a soke ta. Galan ɗin fetur da batir kuma kada su shiga jakar fata.

Launin ya koɗe. Za a iya rina ta?

Za a iya, amma daga haske zuwa duhu kawai, kuma kafin a shafa mai, domin rini ba ya kama fata mai maiƙo. Sau da yawa ma mai kaɗai yana dawo da rabin launin, sai mai abu ya ce a bar shi haka. Namu na gida suna nan: karan dafi yana ba da ja, kuloko yana ba da baƙi. Kuloko ruwan ƙarfe ne da aka tsima, kuma abin nan da na ce yana ɓata jaka a gindin ribit, shi ne dai dukawa suka sarrafa ya zama rini. A fatar bagaruwa kaɗai yake kamawa, kuma ba ya gogewa a tufafi tunda cikin fatar yake shiga. Bayan an sa shi a ɗauraye a shafa mai, in ba haka ba yana busar da ita. Jan karan dafi rana tana cinsa a hankali, ya fi dacewa da ado a kan jaka. A saman sit, duk rinin da aka yi a goge shi da farin tsumma har tsumman ya daina ɗaukar launi, kafin mai farar shadda ya hau ran Juma'a.

Zan yi tafiya ci-rani, babur zai zauna wata biyar. Yaya zan ajiye?

Cire jakunkunan, ka kakkaɓe duk ƙwayar hatsi da ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, ka cusa takarda, ka rataye su a igiya daga rufi, nesa da bangon ƙasa saboda gara. Ka sa su a buhun yadi. Ledar da ba ta numfashi tana tara gumi. Sit kuma a rufa masa tsohon zane, a kafe babur a inda rana ba ta faɗowa ta taga, kuma ba kusa da buhunan gero ba, domin ɓeran da ya zo cin gero da soso yake yin sheƙa.

Nawa aikin zai ci, kuma kwana nawa?

Farashin fata yana motsi kamar na hatsi, don haka sai an ga aiki ake yin ciniki. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne girman fatar da za a yanka, da halin da farantin ƙarfe yake ciki, da yawan ɗinkin hannu. Ka nemi a rarrabe maka kuɗin kaya da ladan aiki, kuma a nuna maka fatar kafin a yanka. Wanki da shafa mai kwana uku ne zuwa mako. Sake sit gaba ɗaya, idan akwai walda da fenti, ka ba shi mako guda zuwa biyu. Yawancin kwanakin nan na jiran bushewa ne, kuma idan aka gaggauta shi fenti zai manne wa soso, danshi ya kwanta a ƙarƙashin riga.

Baba, me zan kawo ranar da zan zo?

Ka zo da babur ɗin kansa idan yana tashi, don a auna jaka a jikinsa, kai ma a ga yadda kake zama. Ka haɗo da tsohuwar riga, da duk wani kan bel ko guntun maɗauri da ya ɓalle, da ɗan bel ɗin nan da ke ratsa tsakiyar sit wanda na baya yake riƙewa, domin shi aka fi mantawa a gida. In akwai tsohon hoton mahaifinka a kan babur ɗin, ka taho da shi. Daga hoto nake gane inda layin ɗinki ya bi da tsayin da jakar take a da. Kuma kafin ka zo kada ka shafa mata komai, ko ruwa.